Matasan Gabashin Sakkwato da Zancen Ƙabila



Abin da za a duba a wannan lacca shi ne yadda matasan Marnona da sauran ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo suke fahimtar bambancin ƙabila, da irin kalmomin da suke furtawa a kansa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ribaɗin Wurno, ya zaunar da Fulani makiyaya kusa da manoma da masu sana'a, kuma a can ya rasu cikin 1837. Auratayya da cin kasuwa ɗaya da salla a sahu ɗaya suka cuɗa jama'ar, har kakanni suka ɗauki bambancin abin wasan barkwanci.

Yaron da aka haifa wajejen 2008 kuwa da wani abu dabam ya buɗe ido. Yana ƙarami aka kai hari Tabanni ta ƙasar Rabah cikin 2018, mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 1921 babu wanda zai yi zaton haka, amma a Oktoban 2021 'yan bindiga suka hallaka fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo.

Saboda haka idan ɗan manomi ya ce "Fulani", sau da yawa ɓarayin daji yake nufi, ya manta da makiyayan da ɓarayin nan suka raba da garkensu. Idan ɗan makiyayi ya ce "Hausawa", 'yan sa-kai yake nufi, da wanda ya nome burtali, da hukuncin da ya ci shanun ubansa. Yana kuma ganin tsaransa na gari suna tafiya makaranta shi yana bayan shanu, alhali tun 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya. Kowannensu mamatan gidansu kaɗai yake ƙirgawa.

Ke nan, rashin adalcin da yaran suke ji gaskiya ne: na makaranta ne, da na ƙasar noma da kiwo, da na shari'a, da na tsaro. Kuskurensu shi ne sun laƙaba masa sunan ƙabila, domin shi suka ji a bakin manya.

Gyaran yana hannun ma'aikata. Alƙalin da ya yi wa manomi da makiyayi hukunci da mudu ɗaya, da malamin da ya zaunar da 'ya'yansu a benci ɗaya, su ne za su canza abin da yaran nan za su gaya wa nasu 'ya'yan.

Allah ya ba da zaman lafiya. Wassalam.