Jawabi ga Sakatarorin Ikkilisiyoyi: Inda Muke Samo Labarai

Kun tambaye mu inda muke samo labaran da ake karantawa bayan sujada. A da mukan buɗe shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya har kati ya ƙare. Yanzu muna amfani da RSS, dabarar da ta fito a 1999. Shafi kamar na BBC Hausa yana turo sabbin kanun labarai cikin manhaja ɗaya, kowanne da ranarsa.

Ku lura da ranar nan. Bara an yaɗa tsohon labarin ambaliya ta waya, wasu iyalai suka kwashe hatsinsu da dare a banza. Don haka duk takardar da muka aiko, ku fara karanta wa jama'a ranar da sunan shafin tukuna.