Takalmin Birki da Gangaren Hada

Unguwar Bagdadiyya tana arewa da tsohon birnin Jidda, kusa da gaɓar Bahar Maliya. A titunanta ba a rasa ganin manyan motocin nan masu shiga rairayi, irin su Land Cruiser, waɗanda kamfanin Abdul Latif Jameel yake sayarwa tun da ya zama wakilin Toyota a Saudiyya a 1955. In zafi ya tsananta, sau da yawa magidanci yakan ɗebi iyalinsa a irin wannan mota su tafi Ɗa'ifa shan iska, garin da ke bisa duwatsu, tsayin mita 1,800 da 'yan kai. Hawa ba wuya. A dawowa, cikin gangaren Hada mai yawan kwana, nan ne ran kowa yake rataye ga birki.

Idan direba ya taka birki, nauyin mota yakan rinjaya gaba, saboda haka takalman birkin gaba su ne suka fi shan wahala, su ne kuma suke fara cinyewa. Rairayin hamada yana shiga tsakanin takalmi da faifai yana gurzarsu, iskar teku mai gishiri kuma tana sa ƙarfe tsatsa. Sabon takalmi kaurinsa ya kai milimita 10. In ya koma milimita 3, lokacin sauyi ya yi. Alamarsa ita ce ƙara mai kama da fito. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da ita, har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, to, sai ya sayi faifai ma.

Aikin kansa ba shi da tsawo. Bakanike yakan ɗaga mota da jak, ya tokare ta sosai, ya cire taya, ya zare tsofaffin takalma. Daga nan ya share ƙura, ya tura fistin baya a hankali yana duba man birki kada ya tumbatsa, sa'an nan ya sa sababbi. Dama da hagu tare ake sauyawa, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda. Kuma a guji kayan jabu, gama araha ba ta ado.

Akwai abu guda da mantuwarsa take kisa. Bayan an gama, fistin yana nesa da takalmi, takawar farko birki zai tafi har ƙasa bai kama ba. Wajibi ne a yi ta taka shi mota tana tsaye har ya yi tauri. Bayan haka a gwada shi sannu a hankali cikin unguwa na 'yan kwanaki, domin sabon takalmi ya zauna da faifai.

Ko da sabon birki, mai hankali yakan sauko Hada da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota, don kada birki ya yi zafi ya saki.