Baƙo a Kan Dutsen Dala

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18



A watan Fabrairu na 1851, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano. An buga zanen cikin littafinsa a 1857. In muka dube shi, sai gidaje da itatuwan dabino har iyakar ganin ido. Amma mai zanen yana fama da zazzaɓi, ga bashi, ya kuma rabu da abokan tafiyarsa biyu. Richardson ya mutu a watan Maris, Overweg kuma a 1852. Gari cike da mutane, shi kuwa ba ɗan'uwa ko ɗaya.

Haka annabi Iliya ya ji a Dutsen Horeb, yana tsammani shi kaɗai ya rage. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, sa'an nan ya aike shi wurin Elisha. Maganin kaɗaicinsa mutum ne.

Mu ma a Unguwar Gai, da Rano da Kibiya, in samari suka tafi ci-rani, akan bar tsofaffi da gwauraye a gida. Muna gaishe su a ƙofar majami'a ran Lahadi, amma wa ya san yadda suke kwana? Wannan mako kowannenmu ya shiga gidan ɗaya daga cikinsu, ya zauna, ya saurara.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka aike mu wurin wanda ba shi da kowa. Cikin sunan Yesu, Amin.