Sharaɗi a Turancin Yau da Kullum



Yau za mu duba yadda ake gindaya sharaɗi a Turanci da kalmar "if".

Ku saurari likita yana sallamar mara lafiya: "If the fever comes back, you will need a test." Wato in zazzaɓin ya dawo, sai an yi gwaji. Abin yana iya faruwa. Ku lura, "will" tana ɓangaren sakamako, ba ta bin "if". Nan ɗalibanmu da yawa suke tuntuɓe, kuma abin yana damuna, don maki ne ke zubewa a jarrabawar WAEC. Ina maimaitawa: sharaɗi da "if", sakamako da "will".

Likitan zai iya ƙarawa: "If I were you, I would rest." Shawara ce cikin ladabi.

Amma in kuka ji "If you had come earlier, we would have treated it," to, bakin alƙalami ya bushe. Wannan shi ne "da kun zo da wuri, da an yi magani" namu na Hausa.

Ɗalibai, ku gwada naku a gida. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.