IN INJIN MOTA YA FARA ƘWANƘWASA

Ga jawabin da wani makanike na tashar Maraɗi ya yi ma ɗalibban karatun manya a wani ƙauye na ƙasar Dakwaro. Mutanen garin suna da mota guda, tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya. Ita ke kai su kasuwa, ita ke kai mace mai naƙuda gidan likita in dare ya yi. Kwana 20 ke nan injinta shina yin kas-kas-kas. Wasu sun ce a aje ta. Wasu sun ce kaka ce, a bar ta ta yi aiki. Da gardama ta yi yawa, anka kira makanike.

Bayan gaisuwa, ya ce inji kamar jinjiri ne: ba ya magana, sai kuka. Uwa ta san kukan yunwa, ta san kukan ciwo. Haka ya kamata direba ya san kukan motarsa.

Abu na farko, in ji shi, a duba baƙin mai. A tsai da mota inda ƙasa ta ke daidai, a kashe inji, a jira kamar minti 10. A zaro sandar awon mai, a shafe ta da tsumma, a maida ta, a sake zarowa. A jikin sandar akwai alama biyu, kuma mai ya kamata ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa, saman inji ne ke fara jin ƙishirwa, don shi ne nesa da ma'ajiyar mai. Sau da yawa lita guda ta isa ta kashe ƙarar.

In mai ya cika amma ƙara tana nan, sai a nemi wurin da ta ke fitowa. Ya nuna musu dogon turnabis. Ana ɗora bakinsa a jikin inji, a kanga ƙotar a kunne, a riƙa gusawa daga sama zuwa ƙasa. Inda ƙarar ta fi ƙarfi, nan ciwon ya ke. A nan ya ja kunnen kowa: kada mai babbar riga ko rawani ya sunkuya kan inji shina tafiya, don farfela da bel ba su san mutum ba.

Ƙaramar ƙara mai siriri, kamar ta keken ɗinki, wadda ke fitowa daga sama, yawanci ta supap ce. Supap ƴan ƙofofi ne. Wasu suna buɗewa iska da isansi su shiga, wasu suna buɗewa hayaƙi ya fita. Tsakanin kowane supap da ƙarfen da ke danna shi akwai ƴar tazara, don ƙarfe shina miƙewa in ya yi zafi. Da tsufa, tazarar tana buɗewa, sai ƙarfen ya riƙa bugun supap maimakon ya tura shi. Gyaran ba wuya, amma sai inji ya kwana ya yi sanyi. Ana auna tazarar da wasu siraran ƙarafa masu lamba a jiki. A irin wagga mota, 0,10 ne wajen shiga, 0,25 wajen fitar hayaƙi. Kowace mota da nata awo. Ya ce yaran garaji da yawa suna ɗaurewa da ka har ƙarar ta mutu sarai, kuma wannan ya fi ƙarar muni: supap da anka matse ba ya rufewa da kyau, sai ya ƙone. Motocin yanzu da yawa mai ne ke daidaita musu tazarar, shi ya sa in man ya yi dauɗa su ma su kan fara kas-kas.

Sannan ya sauya murya. Ya ce akwai wata ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, gum-gum, kamar ana daka da nisa, kuma tana ƙaruwa in an taka wuta. Wannan kusinen biyel ne ya cinye, wato ƴar shimfiɗar ƙarfe mai laushi da ke tsakanin biyel da babban ƙarfen da ke juyawa. Wanda ya ji ta ya kashe inji nan take, ko da tsakiyar daji ne, balle in jar fitilar mai ta kama. Gara a nemo igiya a ja motar. In anka matsa mata, biyel na iya karyewa ya huda cikin inji, kuma daga nan ba maganar gyara, sai sayen wani inji. Kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da motar ke samu a kaka guda.

Sauran ya ambace su a gurguje. Buji da ya kwance shina ƙara. Bakin bututun hayaƙi in ya huje shina tas-tas da safe, ya rage in inji ya ɗumama, kuma ana ganin baƙin hayaƙi a wurin. Ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani wajen hawan tudu kuwa, a fara tuhumar isansin kwalba na bakin hanya.

Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce:

— Ɗana, na ji an ce in an zuba mai mai kauri ƙarar tana ɓacewa.

— Gaskiya ne, baba, tana raguwa. Amma rufe miki ne da zane. Dillalan tsofaffin motoci sun san wagga dabara, don haka mai saye ya duba man tukuna.

Ya shawarci direba ya riƙa juye mai duk kilomita 5.000, tunda hanyarsu rairayi ce da ƙura, ya tsabtace matatar iska, ya kuma rubuta lambar kilomita ta ranar juyen a littafi.

Makanike ya kwana a garin. Da sassafe ya buɗe murfin saman inji, ɗalibbai suna kewaye da shi. Mai shina daidai. Supap biyu ne sunka buɗe. Ya ba direba ma'auni ya karanta lambar da kansa, sannan ya nuna masa yadda ake ɗaurewa. Kafin hantsi motar ta ɗauki buhunan wake ta kama hanyar Dakwaro.