Faɗa-wuta da Farar Fadama: Wanne Ke Cikin Haɗari?



Ƙwari biyu za mu gwada a yau. Na farko faɗa-wuta ne na ƙasar Ostareliya, ana ce masa bogong, masana kuwa suna kiransa Agrotis infusa. Yana cikin rukunin Lepidoptera tare da malam-buɗe-littafi, wato ƙwarin da sai sun zama tsutsa kafin su yi fiffike. Ta biyu 'yar fara ce ta Turai, Tetrix subulata, wadda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Rukuninta Orthoptera, dangin babe da gyare, masu ƙyanƙyashewa da kamannin iyayensu. Tsawonta bai kai santimita 2 ba. Bakin ruwa take zama tana cin gansakuka, har iyo ta iya.

To, da ganin ido sai mu ce wannan 'yar mitsitsiya ce abin tausayi. Ashe ba haka ba ne. A binciken farin Turai na 1916 da shekara ɗari, wato 2016, ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin waɗanda babu fargaba a kansu, ko da yake kashi ɗaya cikin huɗu na dangin fara a nahiyar suna cikin barazana.

Bogong kuwa, a da can da biliyoyi yake ƙaura zuwa kogunan duwatsu don gudun zafin bazara, har a wancan zamani 'yan asalin ƙasar suna gasa shi su ci, kamar yadda muke yi da fara. Fari ya afka wa ƙasar daga 2017, yawansa ya rushe, kuma a Disamban 2021 aka rubuta shi cikin masu haɗarin ƙarewa. Wata 'yar dabbar dutse mai jaka a ciki, wadda ke dogara da shi bayan barcin hunturu, ita ma ta shiga yunwa.