A ƙidaya iccen da ya rayu

Yau hirarmu bisa awon aikin gwamnati ce.

Ka san manomi ba ya ƙidayar irin da ya shibka. Damman da ya ɗaure yake ƙidaya. To, haka aikin gwamnati yake.

Bayan farin 1973 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itace a ƙasarmu. Cikin takarda an rubuta dubu kaza anka dasa. In an koma bayan rani biyu, sai ramu. Awaki sun ci, ƙishirwa ta kashe saura. A 1984 anka yi babban taro a Maraɗi don a sake duba yaƙi da hamada.

Manoma kuwa sunka kama sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo cikin gona. Wajen 2005 masu bincike sunka gwada hotunan sama na 1975 da sababbi, sunka taka gonaki da ƙafa. Sun iske itace wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Kai da ka iya rubutu yanzu, ɗauko littafinka. Rubuta nawa anka dasa garinku, nawa sunka kai damina. In ma'aikacin gandun daji ya zo tambaya, kada kunya ta sa ka ce "lafiya lau". Buɗe ka karanta mishi.